Kafin ka ce ka ga kai da kafaɗu a zanen farashi, duba hannu nawa ne suka zana shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar nan ta daɗe tana cina, saboda yanzu duk inda ka zaga a Legas, Agege ne, Idi-Araba ne, Obalende ne, sai ka tarar matasanmu sun sauke manhajar hannun jari a waya, kuma wallahi abun farin ciki ne, don da can sai dai mu ji labarin kasuwar a rediyo mu ɗauka ta masu kwat da nektai ce a Marina. Amma abun da nake gani shi ne yaro ya kalli bidiyon wani Bature a YouTube da daddare, washegari ya zo yana nuna maka waya yana cewa Yaya ka ga kai ga kafaɗu nan, wannan faɗuwa zai yi, ko kuma ka ga kofi ga mariƙinsa, wannan tashi zai yi sai mu saya. Ni ban ce siffofin nan ƙarya ba ne, ina duba su kusan kullum kuma suna min amfani. Abun da nake so ƙannena su riƙe shi ne zanen farashi ba shi ya zana kansa ba, mutane ne da kuɗinsu suka zana shi, wani ya saya wani ya sayar, toh kafin ka yarda da kowace siffa sai ka fara tambaya, mutum nawa ne kuma kuɗi nawa ne suka bar wannan sawun? A kasuwarmu ta nan wannan tambayar ta fi sunan siffar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mu fara da kyandir tukuna, wato 'yan sandunan nan kore da ja da ke jere a zanen farashi, don akwai masu neman kai da kafaɗu alhali kyandir ɗaya ma ba su iya karantawa ba. Kowane kyandir in ka sa zanen a kan kwana-kwana yana baka labarin yini guda ne da lambobi huɗu, farashin da aka buɗe, mafi tsadar da aka kai, mafi arhar da aka sauka, da wanda aka rufe da shi. Jikin kyandir ɗin mai kauri shi ne tsakanin buɗewa da rufewa, in kore ne an rufe sama da yadda aka buɗe, in ja ne an rufe ƙasa. Siririn lagwanin da ke leƙowa sama ko ƙasa kuma shi ne inda farashi ya je ya dawo. Lagwanin nan ni shi na fi kallo. In ka ga doguwar jela a ƙasa da ɗan ƙaramin jiki a sama, wanda ake ce wa guduma, ma'anarsa masu sayarwa sun danne farashi da safe har ƙasa sai wasu suka fito da kuɗi suka kwashe kayan suka maido shi kafin a tashi. Wannan labari ne na gaske game da wannan yinin, amma fa na wannan yinin kaɗai. Shi salon kyandir ɗin daga Japan ya fito, daga 'yan kasuwar shinkafa na Dojima a birnin Osaka tun ƙarni na 18, ana danganta shi da wani ɗan kasuwa Munehisa Homma. Kun ga ke nan asalin abun daga 'yan hatsi ne irin iyayenmu, ba wani sihirin kwamfuta ba.

Bayan kyandir sai daɓe da silin, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya da sabon shiga zai koya ya bar sauran, toh wannan ne. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Mile 12 ya san abun ko bai san sunansa ba. Kwandon tumatir in ya yi tsada ya kai wani wuri sai masu abinci su ja baya su koma na leda da na gwangwani, ciniki ya tsaya, dole farashi ya sauko. In kuma ya karye da rani har ya zama kuɗin mota daga Kano ma bai fita, sai 'yan kasuwa su daina lodi, kaya su yi ƙaranci, farashi ya ɗago. Akwai wurin da masu saye ke cewa ya yi yawa, akwai wurin da masu kaya ke cewa ba za mu bayar a haka ba. Haka hannun jari yake, wurin da farashi ke zuwa ya bugi kai ya dawo shi ne silin, inda yake sauka ya taka ya tashi shi ne daɓe. Kuma dalilin da ya sa wuraren nan suke maimaituwa shi ne mutane ba sa mantuwa da inda suka ji ciwo. Wanda ya saya a naira 50 farashi ya faɗi zuwa 35, wata da watanni yana addu'a Allah ya maido shi 50 in karɓi kuɗina in fita, ranar da ya dawo 50 shi da ire-irensa duk za su zuba kaya kasuwa lokaci guda, shi ke nan silin ya samu.

Babban misalin da na sani ma a nan gida yake. Ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wanda aka fara lissafa shi daga maki 100 a 1984, ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, lokacin da bankuna ke ba mutane bashi su sayi hannun jari, kowa na ganin kamar ba za a sauko ba. Daga nan ya rikito, kafin shekara ta zagayo ya zubar da fiye da rabi, dattawa da yawa a garin nan har gobe in ka ce musu hannun jari sai su kawar da kai saboda wannan shekarar. Wannan silin na 2008 bai fashe ba sai a watan Agusta na 2023, shekara 15 cur. Da ya fashe kuma sai ga shi a Janairun 2024 ya wuce maki 100,000. Wannan shi ne abun da ake nufi da fasa silin, kuma ko a littafi ba za ka samu wanda ya fi shi kyau ba. Sai dai 'yan canjinmu na Broad Street za su tuna maka wani abu, a Maris na 2008 dala ba ta kai naira 120 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,000, don haka zanen da aka yi da naira yana iya nuna maka hawa alhali wani ɓangare na hawan faɗuwar naira ce kawai.

Toh yanzu kai da kafaɗu, tunda shi kowa ke so. A ce kamfani yana ta hawa, ya kai naira 46 ya sauko 40, wannan kafaɗar hagu. Ya sake yunƙurawa ya wuce na farko ya kai 52, ya kuma dawowa wajen 40, wannan kai. Ya yi yunƙuri na uku amma wannan karon ko 52 ɗin bai gani ba, a 45 ya gaji ya juyo, kafaɗar dama ke nan. Layin da ka ja ta ƙarƙashin wuraren nan biyu da ya sauka, wato wajen 40, shi ne layin wuya. Abun da siffar ke faɗa mai sauƙi ne, masu saye sun kasa kai farashi inda suka kai shi a baya, ƙarfinsu ya fara ƙarewa. Amma ga inda sababbi ke yin gaggawa, siffar nan ba ta cika ba sai farashi ya rufe ƙasa da layin wuya. In bai rufe ƙasa da 40 ba toh tudu uku kawai kake kallo, kuma sau da yawa daga nan sai ya juya ya ci gaba da hawansa ya bar ka da kafaɗarka a hannu. Masu abun suna kuma auna tazarar kai zuwa wuya, a misalinmu naira 12, su cire daga 40 su ce mai yiwuwa ya gangara wajen 28. Kalmar mai yiwuwa ɗin nan ka riƙe ta da kyau, ƙiyasi ne, wani lokaci ya kai wani lokaci ko rabi bai yi ba. Sannan a siffa ta ƙwarai ana so ka ga ciniki ya yi yawa a kafaɗar hagu, ya ragu a kai, ya ƙara raguwa a kafaɗar dama, ranar da wuya ya karye kuma ya ɓarke. In ka kifa siffar ta koma ƙasa bayan doguwar faɗuwa, labarin ya juya, alamar masu sayarwa ne suka gaji.

Sauran ba sai na ja su ba. Mai kama da harafin M farashi ne ya bugi silin sau biyu ya kasa, mai kama da W ya taka daɓe sau biyu bai fasa ba. Alwatika kuma hawa da sauka ne ke ta matsewa har wuri ya ƙure dole a fita ta sama ko ta ƙasa, tuta ɗan hutu ne bayan gudu mai ƙarfi. Duk labari ɗaya ne da kaya daban, waye ya gaji tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ni a ganina wanda ya fahimci daɓe da silin ya riga ya san dukkansu, haddar sunaye talatin ba ta ƙara masa komai.

Inda nake so mu daɗe shi ne nan, don shi ne abun da bidiyon Amurka ba zai gaya maka ba. Su can kamfani ɗaya ana iya cinikin miliyoyin hannayensa kafin ka gama shan shayi, dubban mutane ne ke ja-in-ja a kan kowane kobo, shi ya sa siffa in ta fito tana da nauyi. Mu a kasuwar hannun jarin Najeriya, wato NGX, da ke titin Customs, manyan bankuna irin su Zenith da GTCO da Access kullum akwai ciniki a kansu, zanensu yana karantuwa. Amma akwai kamfanoni da yawa da za a wuni ba a yi cinikin kirki a kansu ba, wasu ma manya ne masu suna, sai dai yawancin hannayen suna hannun masu kamfanin, kaɗan ne ke yawo a kasuwa. Sannan kasuwar tana da doka cewa ƙaramin ciniki bai motsa farashin da ake bugawa sai ya kai wani adadi. Sakamakon haka sai ka buɗe zane ka ga ɗan layi a kwance babu jiki babu lagwani, kwana da kwanaki a jere, yaro ya ce maka wannan doji ne, wato kyandir ɗin da aka buɗe aka rufe kusan a farashi ɗaya, kasuwa na shawara za ta juya. Ba shawarar da ake yi ɗan uwa, babu kowa a wurin ne. Haka in ka ga W kyakkyawa a kan kamfanin kobo-kobo wanda mutum biyu uku masu kuɗi za su iya ɗaga shi su sauke yadda suka ga dama, wannan ba sawun jama'a ba ne, kuma wani lokacin da gangan ake zana maka shi don ka shigo a sauke maka kaya. Shi ya sa sandunan nan na ƙasan zane masu nuna yawan ciniki, waɗanda kowa ke tsallakewa, su nake fara kallo kafin in ɗaga ido sama. Fasa silin da babu ciniki a bayansa ni ban ɗauke shi fasawa ba.

Na biyu dokar kashi 10. A nan farashin kamfani bai hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya. Da jin ta kamar kariya ce, kuma ta wani gefen kariyar ce, amma tana canza yadda siffa ke aiki. In mummunan labari ya fito, farashi zai faɗi kashi 10 ya manne a nan, masu sayarwa sun yi layi babu mai saye ko ɗaya, gobe ma haka, jibi ma haka. Ka lissafa da kanka, naira 100 in ta yi kwana biyar tana zubar da kashi 10 ta koma wajen naira 59. Kai kuma ka riga ka tsara cewa in layin wuya ya karye zan fita, ga shi ya karye, ka danna sayarwa, amma wa zai karɓa? Malamin bidiyo ya ce maka ka sa iyakar asara shi ke nan ka tsira, bai san akwai kasuwar da ƙofa ke cushewa ba. Wannan ma ya sake maido mu kan yawan ciniki, kar ka shiga da kuɗin da ya fi abun da za ka iya fitarwa a yini ɗaya na cinikin wannan kamfanin.

Na uku, kuma wannan yana tsorata sababbi duk shekara tsakanin Maris da Yuni, shi ne zabtare ribar da aka raba. In kamfani zai biya masu hannun jari ribarsu, da an wuce ranar da ake rufe sunayen waɗanda suka cancanta, sai a cire daidai wannan kuɗin daga farashi. Dangote Cement misali ya biya naira 30 kan kowane hannu na shekarar 2023, toh ranar zabtarewa farashi zai buɗe da ragin naira 30 ba tare da wani ya gudu ba. A zane sai ka ga rami, in ba ka sani ba ka ce daɓe ya fashe ka sayar a firgice, alhali kuɗin yana hanyar zuwa asusunka na banki. Haka in an ba da kyautar ƙarin hannaye, ko kamfani ya buɗe wa masu hannun jarinsa sayen sababbi a farashi mai sauƙi, kamar yadda bankuna suka yi ta yi bayan Babban Banki ya ce a Maris na 2024 duk mai lasisin ƙasa da ƙasa ya kai jarinsa naira biliyan 500. Duk waɗannan suna lanƙwasa zane. Don haka duk ramin da ka gani, je ka duba sanarwar kamfanin ta wannan makon kafin ka sa masa suna.

Akwai kuma abun da babu siffar da ta isa ta hango. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, darajarta ta faɗi, kamfanonin da ke da bashin dala irin su MTN Nigeria da Nestlé suka rufe shekarar da asara, bankunan da ke riƙe da dala kuma suka ci riba mai yawa. Wanda ya san me kamfaninsa ke sayarwa da kuma da wane kuɗi ya ci bashi ya fi mai zana alwatika fahimtar abun da ke zuwa. Ni zane nake amfani da shi in zaɓi lokacin shiga da wurin fita, amma wane kamfani zan saya, wannan daga rahoton kuɗinsa nake samo shi. Kuma ga mu Musulmi akwai tambayar da ke gaban duk wannan, kamfanin me yake yi, halal ne? Akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic Index da aka fara a 2012 mai tace kamfanonin da suka dace da shari'a, wuri ne mai kyau na fara dubawa, sannan ka tambayi malaminka. Wani abu kuma, mu ƙananan masu saye a nan hanya ɗaya muke da ita, mu saya mu jira ya hau. Wancan salon na aro hannun jari ka sayar don ka ci ribar faɗuwa ba abu ne da ke hannun irinmu ba, ga kuma maganar malamai kan sayar da abun da ba ka mallaka ba. Ke nan siffofin faɗuwa irin M da kai da kafaɗu amfaninsu gare mu biyu ne kawai, ko su ce fita, ko su ce kar ka shiga yanzu.

Yadda za ka koya kuwa, kar ka yarda da idonka a kan tsohon zane. Duk wanda ya kalli shekarar da ta wuce zai ga siffofi reras, don ƙarshen labarin na gabansa, ido kuma gwani ne wajen tsallake waɗanda suka fara fitowa suka watse. Buɗe shafin zanen farashi na TradingView ko manhajar dillalinka, zaɓi banki ɗaya mai ciniki sosai, koma baya shekara biyu, sa takarda ka rufe gefen dama. Rubuta a littafi abun da kake gani da abun da kake zaton zai biyo baya da inda za ka ce na yi kuskure in fita, sannan ka ja takardar kaɗan-kaɗan. Abun da littafin nan zai nuna maka game da sau nawa siffa ke cika alkawari ya fi duk wani kwas da za a sayar maka. Kuma ka fi ba zanen mako-mako ƙarfi a kan na kwana-kwana, na minti biyar kuwa ka bar wa masu shi, a kasuwarmu yawancinsa hayaniya ce.

Kar ka manta da kuɗin shiga da fita. Kowane ciniki akwai kamashon dillali, akwai na SEC hukumar da ke sa ido kan kasuwar, na NGX, na CSCS masu ajiye rajistar hannayen jari, kuɗin sitam da harajin VAT, duk suna rubuce a takardar cinikin da dillali ke turo maka. Ɗauki taka ka haɗa na saye da na sayarwa ka ga kashi nawa ne, in siffar da ka gani ribar da take nunawa ba ta ninka wannan sau da yawa ba, toh dillali kake wa aiki. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan duk sati.

Su kuma gurup-gurup na Telegram da WhatsApp masu cewa biya dubu kaza a wata mu riƙa turo maka sigina, da hoton zane an zagaye kofi da jan layi, ina roƙon ƙannena ku yi hattara. Waɗanda suka ci kaɗai ake nuna muku. Wasu ma ba hannun jari suke ba sam, zanen ado ne aka sa a gaban tarko irin na MMM da ya rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. Hannun jari na gaskiya ta hannun dillali mai rajista da SEC ake sayensa, sunayensu na nan a shafin hukumar kowa na iya dubawa, za a buɗe maka asusun CSCS da sunanka da lambarka ta shaidar mai hannun jari da ake ce wa CHN, kuma kana iya ganin hannayenka a can ko da dillalin ya rufe shago. In wanda ke koya maka kai da kafaɗu ya ce ka turo kuɗin asusunsa shi zai juya maka, tambaye shi lambar CHN ɗinka, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.